Yaye Kafin Lokaci

A gidanmu ba a tsufa. Babanmu ya faɗi a kasuwa yana cikin ciniki, gemunsa baƙi wuluk. Yayana ya faɗi yana alwala. Ƙanena ya taso daga Hotoro a kan babur zai zo gaishe ni, ya tsaya a gefen titi ya ce wa wani mai shago ya taimaka masa da ruwa. Kafin a kawo ruwan ya cika. Dukkansu sirara ne kamar ni. Wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce iska. An sha rubutu, an yi hayaƙi. Ni dai na ci gaba da tuyar wainata a ƙofar gida a Gyadi-Gyadi.

Muna da wata alama a jiki: ɗigo-ɗigo rawaya a fatar ido, da kullutu a agarar ƙafa. Innarmu takan ce tambarin gida ne, ko a ina aka ga ɗan gidan za a gane shi. Har daɗi muke ji.

Ranar da tawa ta zo ina gaban tanda. Wani abu ya danne min ƙirji kamar an ɗora turmi, hannun hagu ya yi nauyi, gumi ya karyo min. Maƙwabciyata ta tsaya sayen waina za ta wuce aiki. Ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Kudancin Kaduna, Sista muke ce mata. Ba ta tsaya neman shawarar kowa ba, ta tare adaidaita. Da asibitin koyarwa ba kusa da mu yake ba, da na bi 'yan'uwana.

Da na farfaɗo likita ya dubi fatar idona, ya shafa agarata, ya tambayi yadda babana ya rasu. Sai ya ce kitse ne ya yi min yawa a jini, yana toshe hanyoyin zuciya.

Na ce, "Likita, dube ni da kyau. Kitsen a ina?"

Ya ce ba a jiki ake ganinsa ba. Gado ne. Hantarmu ce ba ta kwashe shi daga jini yadda ta sauran mutane take yi. Ya ce zan sha ƙwaya kullum har ƙarshen raina, in bar man shanu, da man ja, da kayan ciki, da ɓargo, da soye-soye. Ya ce kuma kada in yaudari kaina, barin abincin kaɗai ba zai yi ba, sai da ƙwayar.

Na bari. Na koma wake da zogale da rama da kifi da tuwon dawa. Waina ina toyawa ina sayarwa, ba na ci. Ba wahala a ciki ga wanda ya ga gawar ƙanensa da idonsa.

Ya ce in kawo 'ya'yana a gwada jininsu. Su uku ne, ubansu ya daɗe da rasuwa. Maza biyun lafiya lau. Macen ta ɗauko.

Ita ce 'yar fari. Ba na kiran sunanta, ba na zama hira da ita a gaban mutane, in an yabe ta sai in kau da kai. Haka muka taso. Aka ɗora ta a kan ƙwaya, tana sha, jininta ya yi kyau. Sai ta yi aure a Tarauni, ta auri wani tela mai shago a Unguwa Uku, yaro mai kunya. Da ta samu ciki likita ya ce ta ajiye ƙwayar, ba a shanta da ciki, ba a shanta ana shayarwa. Ya ce ta dawo in ta yaye.

Ta haihu, ta shayar shekara biyu kamar kowa. Ranar da ta koma asibiti da wani cikin ta koma. Na biyun ma haka. Ciki, goyo, ciki, goyo. Da ta haifi na uku, namiji, babbar 'yarta ta isa shiga makaranta, ita kuwa uwar rabonta da ƙwaya tun tana amarya. Kitsen bai tsaya jiranta ba.

Ni na je Tarauni yi mata wankan jego. Ana gobe suna uwar mijinta ta iso, Hajiya, mace mai jiki da murya, ba muguwa ba. Ta zo da ƙauri, ƙafafun saniya da dangin miji ke dafa wa mai jego da kayan yaji, maiƙo yana yawo a kai. Ta haɗo da kwalbar man shanu daga ƙauyensu.

"Ina mai jegon? A tashe ta ta sha romo tun da zafinsa."

Na ce, "Hajiya, a bari ya huce."

"Ƙaurin ake bari ya huce? Yau na ga sabon yayi."

Mata suka yi dariya. Na ɗauki tukunyar na kai kicin, na aika aka sayo ƙanƙara, na zuba a baho na dasa tukunyar a ciki. Sista ce ta koya min. In romo ya yi sanyi kitsen yakan taso ya daskare fari fat a sama, sai ka yaɓe shi da cokali. Ina cikin yaɓewa Hajiya ta shigo. Ta dubi kwanon da na tara kitsen, ta dube ni.

"Me kike yi haka?"

"Ina cire abin da jikinta ba ya so."

"Abin da na kawo ne jikinta ba ya so?"

"Ba don ke kika kawo ba. Ko ni na dafa sai na cire."

"Kin kwashe duk amfanin kin bar mata ruwa. Da me za ta yi nono? Dube ta fa, kamar sillen kara. A ce wai wannan kitse ya yi mata yawa. Ni da nake da shi tuli ga ni a tsaye."

Na ce, "Allah ya ƙara lafiya."

Ta ɗauki kwalbar man shanun ta kai ɗakin 'yar tawa da kanta, ta ajiye a gefen gado. Kullum in ta zo sai ta zuba mata a kunu. Yarinyar tana sha, don ba za ta iya ce wa uwar miji a'a ba. Ni kuma baƙuwa ce a gidan. Na yi arba'in ɗina na koma Gyadi-Gyadi.

Yaron ya fara zama, an fara ba shi koko, uwar ta zo min wuni da shi a baya. Da la'asar na fito yi mata rakiya. Ba mu yi nisa ba ta tsaya, wai za ta gyara goyo. Goyon lafiyarsa ƙalau. Muka ci gaba. Wajen masu lemo ta sake tsayawa, wai takalmi ne ya cije ta. Ta dafa bango, tana numfashi ta baki, ɗaya hannun a ƙirji.

Na san wannan tsayuwar. Na yi ta kafin in faɗi, ni ma takalmi na ɗora wa.

Na ce, "Ke, ɗago kanki."

Ta ɗago. A ƙarƙashin kwallin da ta zizara ga ɗigon nan rawaya, a ido biyun. Da aka yi mata aure babu su.

"Tun yaushe?"

"Inna, gajiya ce kawai."

"Tun yaushe na ce."

"Tun kafin in haihu. In na zauna yana sakina."

Washegari na bar tanda a kife, na kai ta asibiti. Suka ɗebi jini, suka manna mata wayoyi a ƙirji. Da sakamako ya fito likita bai yi mana kwana-kwana ba. Ya ce kitsen ya hau sosai, zuciyar ta fara nuna alama. Ya ce ta koma kan ƙwaya yanzu, mai ƙarfi, kuma irin wannan ba zai yarda ta sha tana ba da nono ba. A yaye yaron, a ba shi madarar jarirai da abinci. Ta kuma huta da haihuwa sai ya ga yadda zuciyar ta yi.

Muna shiga soron gidana ta juyo gare ni.

"Inna, ko haƙori bai fitar ba."

"Zai fitar."

"A bari ya fara tafiya. Wallahi yana fara tafiya zan yaye shi."

"Kawunki ruwa ya nema, ba a kai ga kawowa ba."

Ta fara kuka. "Me zan ce wa Hajiya? Me mutane za su ce? Uwa da ranta da nononta a ba ɗanta gwangwani? Shi ma babansu ba zan iya faɗa masa ba, zai ga kamar ƙin haihuwa nake."

Ta karɓi ƙwayar ta jefa a jaka. Na san ba za ta sha ba.

Irin wannan magana namiji ake aikawa. Uba ya kira mijin, ko kawu ya je ya same shi. Suruka ba ta tunkarar surukinta. Tun da ya auri 'yata maganarmu ba ta wuce gaisuwa ba, shi a tsugunne a bakin ƙofa, ni a bayan labule. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban san kalar ƙwayar idonsa ba. Na zauna na duba wanda zan aika. Uban ba ya nan, kawunnen duk suna ƙasa. Ƙannenta yara ne a wurinsa.

Sista ta ce za ta je. Na ce a'a. In ta je za a ce maganar 'yan asibiti ce.

Na yafa mayafi na hau adaidaita zuwa Unguwa Uku da hantsi. Yana kan keke yana ɗinki, wasu abokansa biyu suna zaune a benci. Da ya gan ni a ƙofar shago ƙafarsa ta tsaya a kan keken. Ya miƙe, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Abokan suka sulale.

"Inna, lafiya? Da kin aiko ai da na zo."

"Tashi ka zauna."

Bai tashi ba. Na zauna a bencin. Kansa a ƙasa, kunnuwansa kawai nake gani.

Na ce, "Ka taɓa ganin kawunnen matarka?"

"A'a, Inna. An ce sun rasu."

"Ka san abin da ya kashe su?"

"An ce... an ce kamar sammu ne."

"Ba sammu ba ne. Abin da ke jikin matarka ne."

Na faɗa masa abin da likita ya ce, ban rage ba ban ƙara ba. Ya ɗauki wani ƙyalle yana murzawa a hannu.

"Inna, ni ban ga tana ciwo ba. Tana girki, tana wanki. Kuma Hajiya ta ce rama ce ta jego, in ta ci ta ƙoshi za ta warware."

"Yaushe rabon da ka yi tafiyar ƙafa da ita?"

Ya ɗan ɗago. Ba a saba ba, miji da mata su jera a titi. Shi yana da babur.

"Yau in ka koma, ka bar babur a gida. Ka ce ta raka ka bakin titi. Kada ka ce mata komai. Ka dinga tafiyarka ta kullum, ka ga abin da za ta yi."

"To, Inna."

"Ban zo roƙonka ba. Na binne uku. Ba zan binne wannan ina kallo ba don kunyarka."

Na tashi. Na fita na hau adaidaita. Na ji kamar na fita tsakar kasuwa ba ɗankwali.

Bayan magariba ya yi sallama a ƙofar gidana. Bai tsaya a soro ba, ya shigo har bakin ɗaki. Muryarsa ta canja.

"Inna, ba mu kai bakin titin ba. Ta zauna a kan dakalin mutane. Leɓenta har ya sake kala."

"To."

"Na je wurin limaminmu. Ya ce shekara biyun ga mai iko ne. In da lalura, kuma uwa da uba suka yarda, babu laifi. Amma Hajiya... Inna, ba zan iya ni kaɗai ba."

"Gobe ka kai ni."

Gidan Hajiya yana Babban Giji. Mun same ta a tsakar gida tana tsinkar zogale. Ta ga ɗanta, ta gan ni a bayansa, ta ajiye faifan. Labari ya riga mu.

"An ce har shago kika bi shi."

"Na bi shi."

"Ban taɓa jin inda aka yi haka ba."

"Ni ma ban taɓa ji ba."

Ɗan ya fara bayani, yana in-ina. Ta ɗaga masa hannu.

"Kai, yi min shiru, ba da kai nake ba." Ta juyo gare ni. "'Yarki kike ji. Ni jikana nake ji. Kin san abin da yayen wuri yake yi wa yaro?"

Ba ta jira amsata ba.

"Ni na sani. Kafin wannan da ke tsaye ina da wani. Ciki ya shige ni yana ƙarami, aka ce nonon ya ɓaci, aka raba mu. Zawo ya kama shi. A cinyata ya ƙare, ya zama kamar tsumma. Sai ki zo ki ce min in sa hannu a yi wa wani haka?"

Ban san da wannan ba. Ɗan ma daga ganin fuskarsa bai sani ba. Na zauna a tabarmar ba tare da an ce in zauna ba.

Na ce, "Allah ya jiƙansa."

"Amin."

"Hajiya, in ta faɗi, yayen dole za a yi. Ranar ba shiri, ba madara, ba uwa. Shi da yayyensa biyu. Ni zuciyata rabi ce, ba zan iya riƙe uku ba. Kanki za su dawo."

Ta ɗauki reshen zogale tana tsinka, ba ta kallon abin da take yi. Ganye yana zuba a ƙasa.

"Ke dai bakinki ba ya da linzami."

"Ba ya da shi."

Muka zauna. Wata akuya ta zo za ta sa baki a faifan, ba wanda ya kore ta sai ɗan.

Can ta ce, "In za a yaye shi, a hannuna za a yaye shi. Ba a gidan da ake kwashe wa romo kitse ba."

Na ce na yarda. Dama kaka ake kai wa yaye, ko wacce. Na ce amma Sista za ta zo ta nuna yadda ake haɗa madarar, da tafasa ruwa, da wanke kofi.

"Ni za a koya wa rainon yaro?"

"Madarar za a koya miki. Ni ma ban iya ba."

Ta yi tsaki, amma ba ta ce a'a ba.

Sista ta ce kada a cire shi lokaci guda, a fara saba masa da kofi. Aka yi haka na ɗan lokaci, ni kuwa kullum da safe in na ji sallama gabana sai ya faɗi. Ranar Juma'a Hajiya ta zo Tarauni da zanin goyo sabo. Ina can. Yarinyar ta ba shi nono na ƙarshe a ɗaki, ta daɗe. Hajiya ba ta hanzarta ta ba. Da aka fito da shi ta karɓe shi ta cilla a baya ta ɗaure.

"Zo nan, maigida. Yau ka saki wannan ramammiyar, ka koma gidan amarya mai tsoka."

Yaron yana dariya yana jan ɗankwalinta. Sai da suka kai ƙofa ya waiwayo ya ga uwar ba ta biyo ba. Kukansa muna jinsa har suka sha kwana.

Yarinyar ta zauna a bakin gado, gaban rigarta ya jiƙe. Na ciro ƙwayar daga jakarta, tana nan yadda aka ba ta, ba a ɓare ko ɗaya ba. Na ɓare na miƙa mata da ruwa. Ta riƙe a tafin hannu.

"Inna, in wani abu ya same shi fa?"

"In wani abu ya same shi, ni na sa. Ki ce ni ce. Sha."

Ta sha.

Yaron ya rame a makon farko, ya ƙi kofin, ya yi zazzaɓi. Na daina cin abinci sai ruwa. Hajiya ba ta aiko min ba, a bakin Sista nake jin labari, don ita takan biya ta can in ta tashi aiki. Ta ce ta samu Hajiya tana tafasa kofi da cokali har sau nawa, ta hana kowa taɓa shi da hannu. A mako na biyu ya karɓa. Da aka mayar da shi Tarauni kumatunsa sun fara dawowa, da haƙori biyu a ƙasa.

Hajiya ba ta sake taka gidana ba. In mun haɗu a biki mukan gaisa, iyakarta ke nan. Surukina ya koma tsugunnonsa a bakin ƙofa, ni na koma bayan labule, sai dai yanzu shi yake kai matarsa asibiti, in sun dawo ya biyo ya faɗa min abin da aka ce.

Da aka sake gwada jinin likita ya ce kitsen ya sauka, amma bai kai inda yake so ba. Ya ƙara mata wata ƙwayar a kan ta farko. Ya ce abin da ya riga ya taru a hanyoyin ba duka zai tafi ba, za a dai hana shi ƙaruwa. Maganar haihuwa ya ce a dakata tukuna.

Ta biyo ta gidana ranar, yaron yana rarrafe a tabarma yana neman abin da zai kai baki. Ta daɗe tana kallonsa.

"Yanzu in ya yi kuka ba ni yake nema ba. Hajiya yake nema."

Na ce, "Yana da wadda zai nema, kuma ke kina nan kina jin haushi. Tashi ki ɗora mana wake."